Ƙungiyar unguwa ce ko ƙungiyar Hajiya? Muhawara kan shugabancin ƙungiyoyin mata a Kano

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Me ya sa ƙungiyoyin taimakon al'umma na mata a birnin nan ba sa wuce rayuwar wadda ta kafa su? A Gwale ne, a Dala ne, a Fagge ne, za a ji ƙungiya ta yi tashe, tana rabon abinci da azumi, tana biyan kuɗin magani, tana yi wa marayu ɗinkin sallah. Da Hajiyar da ke riƙe da ita ta manyanta ko ta rasu, shi ke nan, sai allon suna a jikin katanga. Amma ga FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da Jam'iyyar Matan Arewa nan, waɗanda suka kafa su da yawa sun riga mu gidan gaskiya, su kuma suna nan. Me suka yi da namu ba sa yi?

Malama Saude: Wa alaikumus salam. Kin kama bakin zaren da kanki, tunda kin ambaci waɗannan biyun. FOMWAN a Minna aka ƙaddamar da ita a watan Oktoba na 1985, amma a nan Kano aka fara tattauna maganar, a wani taron mata Musulmi da aka yi a farkon shekarar. Amira ta farko ita ce marigayiya Hajiya Aisha Lemu. Abin lura shi ne ba ta mutu a kan kujerar ba. Ta yi wa'adinta ta sauka, aka ba Alhaja Lateefa Okunnu ta Legas, ita kuma Hajiya Aisha ta ci gaba da zama uwa har ta rasu a 2019. Daga baya 'yar garin nan, Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan jaridar Sunday Triumph, ita ma ta riƙe amira ta ƙasa ta sauka tun kafin Allah ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina na 2015. Tun ranar farko an raba kujera da mai kujera. Kuma tarayya ce ta ƙungiyoyi, akwai amira a ƙasa, akwai a jiha, akwai a ƙaramar hukuma, saboda haka rashin mutum ɗaya ba ya tsayar da aiki.

Jam'iyyar Matan Arewa kuwa 1963 aka kafa ta a Kaduna, da ɗaurin gindin manyan jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa a lokacin. Marigayiya Hajiya Laila Dogonyaro na cikin waɗanda suka ɗauki nauyinta tun tana ƙuruciya, kafin daga baya ta shugabanci Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa. Da sojoji suka haramta jam'iyyu a 1966, rassan mata na jam'iyyu duk suka tafi tare da iyayensu, har da na NEPU wanda Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa. Ita Jam'iyyar Matan ta tsira saboda tana da aikin da ba na zaɓe ba: marayu da makarantu.

Hajiya Uwani: Malama, tarihinki babu gyara, amma ki sauko ƙasa. Waɗannan manya ne, matan manya, masu digiri da ofis. Ƙungiyar lungu fa? Alhajin Kantin Kwari da zai ba da bandir goma na atamfa, ba takarda mai tambari yake ba wa ba, Hajiya yake ba wa, saboda ya san mijinta, ya san gidansu, ya san ba za ta ci ba. Ku sauke ta ku ɗora yarinya mai shekara talatin, ku ga ko zai ɗaga waya. Ku 'yan boko komai sai ku ce wa'adi. Nana Asma'u zaɓe ta yi wa jajinta, jagororin matan da take turawa koyarwa?

Malama Saude: Hajiya, Allah ya ja kwana, ai Nana Asma'u hujjata ce ba taki ba. Gaskiya ne naɗa jaji take yi, ta ɗora mata malfa ta ɗaure da jan rawani, ba ƙuri'a. Amma duba abin da ya biyo baya: ta rasu a 1864, 'Yan Taru, wato ƙungiyar matan da ta kafa, ba su watse ba, ƙanwarta Maryam ta karɓa aka ci gaba. Saboda ta horar da mata da yawa, ta ba su karatu a rubuce a waƙe, kowace jaji tana iya tafiyar da garinta ba tare da ita ba. Matsalarmu a nan ba rashin ƙuri'a ba ce kawai. Hajiya ce shugaba, ita ce ma'aji, littafin a ƙarƙashin katifarta, lambar masu ba da taimako a wayarta, taro a falonta. Ba ta horar da kowa ba.

Hajiya Uwani: To wannan na yarda. Amma maganar Alhajin Kwari tana nan, ba ki amsa ba.

Yaya Bilki: Bari na amsa wannan, Hajiya. Ba korar uwa ake yi ba, matsar da ita sama ake yi. A rubuta a tsarin mulki cewa duk shugabar da ta kammala wa'adinta lafiya ta zama uwar ƙungiya. Ita ce ke zama a gaba ranar taron shekara, ita ce ke jagorantar zuwa gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi, ita ce ke sasanta rigima. Abin da aka ɗauke mata biyu ne kawai: sa hannu a banki da yanke hukuncin yau da kullum. Shi kuma Alhajin, shekara guda kafin ta sauka za ta fara zuwa wurinsa da mataimakiyarta. Zuwa na farko gabatarwa, na biyu mataimakiyar ce za ta yi bayani, na uku ita kaɗai za ta kai masa rahoton yadda aka raba kayansa da sunayen waɗanda suka amfana. Ɗan kasuwa yana son fuskar da ya sani, amma ya fi son lissafi.

Wa'adi kuma kada a kwaikwayi na gwamnati ido rufe. Ga ƙungiyar unguwa shekara uku ta fi dacewa, sau biyu iyaka. Shekara biyu ta yi kaɗan, domin ta farko duk a koyon aiki take tafiya. Huɗu sau biyu kuma takwas ke nan, kafin nan matasan da ke da kuzari sun gaji da jira sun tafi. Sannan kada a sauke kowa da kowa rana ɗaya. A wannan shekarar a zaɓi shugaba da sakatariyar kuɗi, a shekara mai zuwa a zaɓi sakatariya da ma'aji. Ta haka kullum akwai wadda ta san inda aka kwana.

Maman Ilham: Anti Bilki, shi zaɓen kansa fa? Mata ba sa iya kallon idon babba su ƙi ta.

Yaya Bilki: Shi ya sa ba a yin ɗaga hannu, ba a yin layi a bayan 'yar takara. Duk wadda ta ce a yi layi ta riga ta san sakamakon. Ta yaya za ki tsaya a bayan wata alhali ɗayar surukar yayarki ce, gobe kuma za ku haɗu a gidan suna? Takarda ake yankawa, a buga wa kowace tambarin ƙungiya don kada a shigo da ta waje. Waɗanda ba su iya karatu ba, a ba kowace 'yar takara alama, kamar tsintsiya ko kofi, ko da yake gara a guji duk alamar da ta yi kama da ta wata jam'iyya, don haka ma a bar tsintsiyar, a sa ludayi. Mutum uku da ba sa takara su ne kwamitin zaɓe, kuma a ƙirga a gaban kowa a wurin, kada akwati ya kwana.

Abin da ya fi kawo faɗa shi ne wa ya cancanci jefa ƙuri'a. Sati biyu kafin zaɓe sai ki ga an yi wa mata arba'in rajista, an biya musu kuɗin wata a dunƙule. Maganinsa a rubuta: sai wadda ta yi wata shida da shiga, ta halarci aƙalla rabin zaman shekarar, kuma ba a bin ta bashin fiye da wata uku. A liƙa jerin sunayen wata guda kafin ranar.

Barista A'i: Bari na shigo ta ɓangaren doka, domin a nan ake asarar dukiya. Ƙungiyar da ba ta da rajista da Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ba mutum ba ce a idon doka. Ba ta mallakar fili da sunanta, ba ta kai ƙara da sunanta. Shi ya sa ake rubuta filin da sunan Hajiya, a buɗe asusu da sunan Hajiya.

Rajistar da ta dace da irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce ta amintattu, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 wadda ta maye gurbin ta 1990. Da farko a nemi amincewar suna, kuma a tanadi suna biyu domin sau da yawa na farko ya yi kama da na wasu. Sai a kira babban taro a zaɓi amintattu, a rubuta bayanin zaman, shugaba da sakatariya su sa hannu. Doka ta yarda da biyu, amma ni ba na ba da shawarar ƙasa da biyar, kuma adadin ya zama mara, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Ba a sa yarinyar da ba ta kai sha takwas ba, ko mai taɓin hankali, ko wadda kotu ta ayyana ta karye ba ta farfaɗo ba, ko wadda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Daga nan a buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa, da sunan ƙungiya da manufofinta da sunayen amintattu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sannan a miƙa tsarin mulki da sauran takardu.

Inda aka fi faɗuwa bayan an karɓi satifiket ne. Ana sa shi a firem a rataye, a manta cewa kowace shekara, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, sai an kai rahoton shekara. Idan aka bari ya taru, tara ke hawa, kuma a shafin hukumar sai a nuna ƙungiyar ba ta aiki. Duk mai ba da tallafi na kirki nan yake fara dubawa. Banki kuma zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, wato ta sashen hana halasta kuɗin haram na Hukumar EFCC, kafin ya buɗe asusu.

Anti Ladi: Barista, da girmamawa, ni ban yarda kowace ƙungiya ta ruga CAC ba. Mata talatin da ke tara dubu ɗaya-ɗaya a wata, dubu talatin ke nan. Kuɗin jarida biyu da na lauya da na rahoton kowace shekara zai cinye abin da za a ba marayu. Irin wannan ta fara da rajistar sashen walwala na ƙaramar hukumarta, ko Ma'aikatar Mata ta jiha, ta samu takardar gabatarwa daga mai unguwa. Ranar da aka ba ta fili, ko za ta karɓi kuɗin wata hukuma, ko ta ɗauki ma'aikaci, ranar ce CAC ta zama dole.

Barista A'i: Na yarda da rabi, Anti. Sharaɗin shi ne kada a karɓi filin tukuna sai rajistar ta fito. Ana cewa a rubuta da sunan Hajiya kafin nan, a gyara daga baya. Ba a gyarawa.

Malam Habu: Assalamu alaikum iyaye mata, a yi min afuwa na tsoma baki, maganar ta zo fagenmu. Abin da Barista take faɗa kullum yana zuwa gaban alƙalai. Idan takardar fili ko shago ko keken ɗinki tana ɗauke da sunan mamaciya, a zahiri ya shiga gado. Magada ba su yi laifi ba idan suka nema, musamman idan akwai marayu ƙanana a ciki, domin ba wanda ke da ikon yafe haƙƙin maraya. Sai ƙungiya ta kawo shaidu cewa amana ce, kuma shaidun su ma sun tsufa ko sun rasu. Wanda zai ba da gida ko fili don Allah, a rubuta shi a matsayin waƙafi: a ambaci iyakokinsa, a ambaci abin da aka tsayar da shi dominsa, a ambaci wa zai kula da shi da wanda zai gaje shi a kulawar, shaidu su sa hannu, magadan mai bayarwa su sani tun yana raye. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ana iya neman shawararsu kan rubutun.

Na biyu, zakka ba ta haɗuwa da sauran kuɗi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas. Kuɗin da aka ba ku da sunan zakka ba a sayen kujerun taro da shi, ba a buga kalanda, ba a yin lemo da cincin na ranar walima. A ware masa shafinsa daban a littafi, a fitar da shi da wuri. Haka kuɗin da mai shi ya ce na marayu ne, ba a karkatar da shi zuwa gyaran rijiya ko da rijiyar ta fi gaggawa, sai an koma an nemi izininsa.

Anti Ladi: Malam ya taɓo inda nake so. A ganina ba siyasar kujera ce ke fara kashe ƙungiyoyinmu ba, cakuɗa kuɗi ne. Ƙungiya ɗaya tana adashi, tana gudummawar biki da suna, tana taimakon gajiyayyu, duk a jaka guda. Wata biyu da 'yan kwanakin da ke tsakanin ƙaramar sallah da babba biki ya yi yawa, kowace mamba tana jiran a kai mata nata, sai a ɗebi na marayu da niyyar za a mayar. Daga nan lissafi ya ɓace, zargi ya shigo.

Asusu uku ake yi, ko da a littafi ɗaya ne. Na hidimar al'umma, na walwalar mambobi, na gudanarwa. A ce mamba sittin, kowa dubu ɗaya: dubu sittin. A yanke tun farko, misali dubu talatin da shida hidima, sha biyar walwala, tara gudanarwa, wato katin waya, kuɗin mota, rasit da fotokwafi. Gudummawar biki ta zama adadi ɗaya ga kowa, matar Alhaji da matar leburan kasuwar Singa daidai. Adashi kuma a fitar da shi gaba ɗaya daga ƙungiya. Masu so su yi abinsu da uwar adashinsu, domin ranar da wata ta ɗauki kwasa ta daina zubi, ƙungiyar za a zaga.

Sannan mai karɓa daban, mai ajiya daban. Sakatariyar kuɗi ce ke karɓa ta yanka rasit mai kwafi da lamba a jere, ta miƙa wa ma'aji, ma'aji ta sa hannu a littafin sakatariyar, ta kai banki cikin kwana biyu na aiki. Masu sa hannu a banki uku, biyu ne ke fitar da kuɗi, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya, ko uwa da 'ya, ko kishiyoyi. Kowane zama a karanta takardar bayanin banki da baki, a zagaya da ita. Kuma don Allah a daina cewa a turo ta asusuna na kai. Mace mai amana ce, ba a musu, amma kuɗin cefanenta da na ƙungiya sun haɗu a wuri ɗaya, ita kanta ba za ta iya rantsuwa a kan wanne ne wanne ba.

Maman Ilham: Anti Ladi, idan mara lafiya ya taso da dare fa? Kafin a haɗa sa hannu biyu ai an makara.

Anti Ladi: Shi ya sa ake ware ɗan kuɗin gaggawa a hannun ma'aji, adadi sananne, a ce dubu ashirin. Shugaba na da ikon ba da umarnin kashe shi ta waya, amma ba a sake cika shi sai an kawo rasit ɗin na baya. Kuma ba a ba dangin mara lafiya kuɗi a hannu. A Asibitin Murtala ne, a na Malam Aminu Kano ne, a Hasiya Bayero ne, mamba biyu su je da takardar likita su biya a wurin biya ko su sayo maganin, su riƙo rasit. Manyan asibitoci suna da sashen walwalar marasa lafiya, su suka san wanda aka sallama ya kasa biya da wanda danginsa suka gudu. A ƙulla hulɗa da su, ya fi bin hoton da ake yaɗawa a WhatsApp, wanda wani lokaci mai shi ya warke ko ya rasu tun bara.

Hajiya Uwani: Tunda an zo kan aiki, bari na ƙara na rabon azumi, a nan ne shugaba ke samun suna ko ta rasa shi. Kuskuren da ake yi shi ne sai Sha'aban ya raba a tafi kasuwa, lokacin da kowa ke saye. Gero da masara da wake da kaka ake sayensu a kasuwar Dawanau, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Buhu mai kwano arba'in, idan za a ba kowane gida kwano huɗu, gida goma ke nan, saboda haka gida ɗari buhu goma. A auna buhu ɗaya ko biyu a gaban dillali, domin ba kowane buhu ne ke cika arba'in ba. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wake kuwa sai buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba kafin azumi ya zama gari. Kada a zuba masa maganin ƙwari, abincin mutane ne. Sukari da man girki da taliya su ne za a bari sai an matso a saya a Singa.

Jerin masu karɓa kuma kada a bar wa mutum ɗaya, ko mai unguwa ne. Shi ya kawo nasa, limami ya kawo nasa, mambobin kowane lungu su kawo nasu, sannan mata biyu da ba 'yan lungun ba su shiga gida-gida su gani. A ba da kati mai lamba, a raba mutane rukuni-rukuni da sa'o'i daban. Ba a sanar da rabo a lasifika, ba a tara mata ɗari biyar a ƙofa ɗaya. An sha rasa rayuka a turmutsitsin rabo a ƙasar nan. Masu kunyar fitowa, irin matar da mijinta ya rasu kwanan nan tana takaba, a kai musu bayan magariba ba tare da kyamara ba.

Yaya Bilki: Hajiya, kin ga wannan ilimin da kika zubo yanzu? Shi ne abin da muke cewa a rubuta. Ranar da babu ke, wa ya san a Nuwamba ake zuwa Dawanau?

Hajiya Uwani: Kin kama ni, 'yar nan. To a kawo mai rubutu.

Malama Saude: Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba, siyasa. Tarihi ya nuna mana sau biyu a jere. Shirin Better Life na Maryam Babangida ya fara a 1987, aka kafa ƙungiyoyin mata da cibiyoyi har ƙauyuka. Da mulki ya sauya, Maryam Abacha ta zo da nata shirin na tallafa wa iyali a 1994, aka koma can. Ƙungiyoyin da aka kafa don a karɓi injin niƙa da keken ɗinki daga ofishin uwargida sun tafi da ofishin. Kwatanta da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980: da doka aka kafa ta, ba da sunan matar wani ba, ga ta nan har yau azuzuwan mata na tafiya. Haka lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan a 2003 aka dawo da shi a 2004, matan da aka saurara a cikin gidaje su ne waɗanda aka sani da wa'azi da hidima tun da can, irin 'yan FOMWAN, ba waɗanda aka sani da rali ba.

Ba cewa nake a ƙi karɓar taimakon ɗan siyasa ba. A karɓa da rasit, a rubuta, a yi godiya a takarda. Amma tsarin mulki ya faɗa ƙarara: duk mai riƙe da muƙami a ƙungiya da ta karɓi shugabar mata ta jam'iyya, ko ta fito takara, ta ajiye muƙamin. Ba a zuwa rali da ankon ƙungiya. A garin nan da launin hula kaɗai ke raba zumunci, ƙungiyar da aka yi wa tambarin ɓangare ɗaya ta rasa rabin unguwa, kuma idan gwamnati ta juya ta rasa sauran.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe ga Barista: idan an yi zaɓe lafiya, me ake miƙawa, kuma idan ɗaya daga cikin amintattu ta rasu yaya ake yi?

Barista A'i: A sa wa miƙa mulki kwana talatin a tsarin mulki, a yi shi a gaban uwar ƙungiya da amintattu, da takarda mai kwafi uku da tsohuwa da sabuwa za su sa wa hannu. Abin da ke ciki: satifiket na asali, tsarin mulki, hatimi da tambari, littafin bayanin zama, rajistar mambobi, littafin kuɗi da ragowar rasit har da lambar da aka tsaya, littafin cek, takardun fili ko haya, jerin kadarori ɗaya bayan ɗaya da halin da kowanne ke ciki, basussukan da ake bi da waɗanda ake bin ƙungiya, da sunaye da lambobin masu taimako. Kada a manta da layin wayar da saƙon banki ke shiga, da imel, da shugabancin zauren WhatsApp da shafin Facebook. Layin nan ya fi komai ba da wahala, domin da lambar NIN ta mutum ɗaya aka yi masa rajista. Gara a rubuta wa banki a sauya lambar zuwa ta sabuwar ma'aji, a ƙara ta shugaba, saƙo ya riƙa shiga waya biyu.

Banki ba ya sauya masu sa hannu da baki. Zai nemi wasiƙa da bayanin zaman da aka yanke shawarar, da hotuna da BVN na sababbin. A yi wannan tun tsofaffin suna kusa, domin wani bankin zai so su tabbatar.

Amintattu kuwa daban suke da shugabannin gudanarwa, zaɓe ba ya taɓa su. Idan ɗaya ta rasu ko ta yi murabus, babban taro ne ke zaɓar madadinta. A kai wa CAC bayanin zaman da takardar shaidar rasuwa ko wasiƙar murabus, a sake buga sanarwa a jarida, a sake jiran kwana 28, sannan a fitar da sabon satifiket. Kada a jira sai saura ɗaya a raye. Kuma idan ƙungiya mai rajista ta rushe, doka ba ta yarda mambobi su raba abin da ya rage ba, bayan an biya basussuka wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa.

Anti Ladi: A ƙara da mukullin sito a jerin, Barista. Kuma a ƙirga buhunan a ranar, kada a karɓi adadin da ke littafi.